Bangon da Ke Fuskantar Kogi

Ranar da na fara zuwa cocin, dattijon da ke riƙe da makullansa bai bar ni na taka ko da matakalar farko ba. Ya tare ni a bakin ƙofar ƙarfe, ya karɓi takardar da jami'a ta ba ni da yatsu biyu kamar an tsamo ta daga kwata, ya karanta daga sama har ƙasa, sannan ya juya bayanta, inda babu ko harafi ɗaya, ya ƙura mata ido.

"Wace ƙasa?"

Na ce Najeriya.

"Na yi zaton haka." Ya miƙo min takardar. "Yau ba zai yiwu ba. Ka dawo Talata."

Ranar kuwa Talata ce. Da na gaya masa, sai ya ce to ta mako mai zuwa, ya ja ƙofa ya datse da kwaɗo.

A lokacin ina shekara ta biyu a digiri na biyu, fannin zanen gine-gine, a ɗaya daga cikin jami'o'in Kuala Lumpur, kan tallafin karatun da gwamnati ke bai wa malaman manyan makarantu. Farfesar da ke duba aikina, wata 'yar Malay mai ƙaramin jiki wadda ba ta maimaita magana, ta raba wa kowannenmu tsohon gini guda. Ka auna shi, ka zana shi, ka tono tarihinsa, ka faɗi ciwon da ke cinsa. Wasu sun samu tsofaffin shagunan yadi na titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, wani ya samu masallacin katako. Ni aka ba ni coci. Na bi ta har ofis ina roƙon a sauya min. Ba ta ɗago daga kwamfutarta ba ta ce, "Ibada na tura ka, ko awo?" Na juya na fito.

Cocin yana bakin kogin da ya ratsa tsohon gari, wanda yanzu aka matse shi tsakanin katangun kankare biyu, ruwansa ja-ja kamar shayi mai madara. Turawa masu gonakin roba da masu haƙar kuza ne suka gina shi don tunawa da 'ya'yansu da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Shi ya sa girmansa ya fi ƙarfin jama'arsa. An yi shi ne don matattu, ba don waɗanda za su zauna a benci ba. Jan bulo ne aka shafe da farar ƙasa. Ƙofofi da tagogi duk bakansu mai tsini ne a sama, kamar an haɗa tafukan hannu biyu. Daga waje an tokare dogayen bangayen da ginshiƙai masu faɗin gindi, shida a kowane gefe. Hasumiyar ƙararrawa kuwa gajera ce, murabba'i, kamar mutumin da aka danne kafaɗarsa yana shirin miƙewa.

Talata ta zagayo, dattijon ya buɗe min, ya jero dokoki. Talata da Alhamis kawai, daga goma zuwa sha biyu. Jaka ta tsaya a bakin ƙofa. Ba hawa tsani. Ba taɓa allunan tagulla. Ba zagayawa bayan gini ta ɓangaren kogi. Turanci muke yi, irin nasu mai "lah" a ƙarshen zance, ni kuma ina ce masa Ankul kamar yadda ake ce wa kowane dattijo a can. Shi bai taɓa kiran sunana ba, ko da yake yana rubuce a katin da ke rataye a wuyana. "Kai," ko "Mista Najeriya," shi ke nan.

Ɗan asalin Indiya ne, siriri, baƙi wuluk, ya haura saba'in, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Ba fada ba ne, wato limamin cocin, ba kuma ma'aikaci ba ne da ake biya. Ya gaji makullan ne daga mahaifinsa. Duk inda na sa ƙafa yana bayana taku biyu, hannayensa a goye, makullai na ƙara a ƙugunsa. In na ja tef ɗin awo sai ya sunkuya ya duba ko bakin ƙarfen ya karce fenti. Ran nan ina ƙoƙarin auna faɗin zauren ni kaɗai, tef yana ta zamewa, na ce, "Ankul, boleh, za ka iya riƙe min wannan bakin?" Ya dube ni ya ce shi ba yaron aikina ba ne. Na cire takalmina ɗaya na danne tef ɗin da shi.

Ba zan ɓoye ba, cikin ginin ya kama ni tun ranar farko, kuma haushin hakan na ji. Waje zafi kamar zai narka kwalta, amma da ka shiga sai ka ji iska na bin ƙafafunka. Magina sun saukar da tagogi har kusan ƙasa, suka sa musu siraran katakai a karkace, iska na shiga, ruwan sama ba ya shiga. Rufin yana can sama, baƙaƙen katakai sun sarƙe da juna kamar haƙarƙarin kwalekwale da aka kife. Ni da na tashi ina ganin azara da ɗaurin guga a tsofaffin soraye na cikin birni, na san aikin mutanen da suka san abin da suke yi in na gan shi. Daga gabas akwai manyan tagogi uku na gilashi mai launi. Da misalin sha ɗaya rana kan zubo ja da shuɗi a kan daɓe har su taɓa bencin farko. Jikin bangaye kuwa alluna ne na tagulla a jere, kowanne da sunan wani saurayi, da gonar da ya bari, da inda ya mutu. Dattijon ke goge su da kansa, har haruffan wasu sun soma shafewa saboda yawan guga.

Tarihin wurin ban samu rabinsa a laburare ba. A bakinsa na samu, kuma bai taɓa ba ni shi kyauta ba, sai dai a matsayin gyaran kuskure. Yakan leƙa littafina ta saman kafaɗata. Na rubuta cewa daga Ingila aka kawo katakon rufi, ya yi tsaki.

"Wa ya gaya maka? Katakon dajin ƙasar nan ne, wanda gara ba ta ci. Giwa ce ta jawo shi zuwa bakin ruwa. Goge."

Na rubuta cewa kuɗi ne ya ƙare shi ya sa hasumiya ta tsaya gajera.

"Ƙasa ce ta ƙi. Laka ce a ƙarƙashinka, lah. Sun kafa itatuwa a cikin taɓo kafin su ɗora bulo. Da sun ƙara hawa ɗaya da tuni ta kwanta. Me suke koya muku a can?"

Da na gane haka sai na riƙa rubuta ƙarya da gangan, manyan haruffa, in bar littafin a buɗe. Ta haka na san cewa akwai cocin katako a wurin tun farko, ambaliya ta tafi da shi. Na san cewa a zamanin mamayar da aka yi wa ƙasar a yaƙin duniya na biyu, sojoji sun mayar da zauren rumbun shinkafa, kuma mahaifinsa da wasu mutum biyu ne suka kwance gilasan tagogi suka binne a gonar ayaba. Na san cewa kakansa na cikin waɗanda suka ɗauko bulon ginin a ka daga bakin kogi. A jikin ginshiƙin da ke kusa da mumbari akwai zane-zane na ƙusa, kowanne iyakar da wata ambaliya ta kai. Mafi tsawo ya zo min ƙirji.

In na tashi daga wurinsa sai in hau LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, in koma unguwar Setapak, inda wani zafin ke jirana. Gida ɗaya muke haya da wani malamin jami'a daga Zariya da ke digiri na uku, ya girme ni da shekara goma, Yaya nake ce masa. Tun da ya ga zanen tagogin a kan teburina ya samu abin faɗa. In na shigo sai ya ce, "Ɗan coci an dawo? Yau me aka rera?" A shagon shayi na ƙasan benenmu, irin wanda ake ce wa mamak, inda 'yan Arewa ke haɗuwa bayan la'asar, ya ce a gaban kowa shi dai ya san wanda aka biya wa jirgi ya zo karatu ya ɓuge da goge gicciye. Aka yi dariya. Wani ɗan kasuwa mai sayar wa ɗalibai wayoyi ya ce in yi hankali, haka abin ke farawa. Na ce, "Yaya, bango nake aunawa." Ya ce, "To bangon masallaci ya ƙare ne a garin?" Ban iya rama masa ba saboda girmansa. Sai in haɗiye haushin, in kwana da shi, in tashi in kai wa dattijon.

A mako na bakwai na lura da bangon da ke fuskantar kogi. An kwana ana ruwa, cocin yana warin tsohuwar rijiya. Fentin wannan bangon ya kumbura daga ƙasa har sama da kaina, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa daga jikinsa, allunan tagullar da ke wurin duk gefensu ya yi kore. Sauran bangaye uku lafiya lau. Na ƙwanƙwasa da bayan biro. Ɗaya gefen ya ba da sauti mai laushi, na farar ƙasa. Wannan kuwa ya yi ƙara kamar tukunyar da ta tsage.

"Ankul, yaushe aka sake shafe wannan bangon?"

"Ba a taɓa ba."

"An taɓa. Siminti ne."

"Sha biyu ta yi," in ji shi. Saura minti ashirin.

Ranar Alhamis na tarar da wasu mata uku suna jera furanni saboda ɗaurin aure, sun riƙe shi da tambayar inda za a sa tukwane. Na sulale ta ƙofar gefe na zagaya inda ya hana ni. Wani siririn lungu ne tsakanin gini da katangar kogi, cike da ciyawa. Wani ƙaton guza ya tashi daga ƙafata ya faɗa ruwa. Duk bangon an lulluɓe shi da siminti mai kauri, toka-toka, an yi masa fenti fari don ya saje. Ginshiƙi na huɗu ya tsage daga gindi, tsagar da hannuna ya shiga har wuyan hannu. Da na zura yatsu, bulon da ke ciki ya marmashe kamar ɗanyen ƙuli. Abin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya karanta. Tsohon bulo yana shan ruwa daga ƙasa, farar ƙasa kuma tana barinsa ya fitar. Siminti ya toshe masa hanya, ruwa ya rasa mafita, ya zauna yana cin bangon daga ciki shekara da shekaru. Na ɗauki hotuna da waya, na tsinci wani gutsuren siminti da ya faɗo na sa a aljihu.

Ina juyowa na gan shi a bakin lungun.

Ya kama hannun rigata ya ja ni har tsakiyar zauren, gaban matan, sannan ya ɗaga murya har rufin ya amsa.

"Fito da abin da ke aljihunka! Na san irinku. Na faɗa wa fada tun farko kada a bar shi ya shigo. Tagulla yake nema!"

Matan suka tsaya da furanni a hannu. Ɗaya ta jawo jakarta ta rungume. Wannan abin da ta yi ya fi maganarsa yi min ciwo. Na shekara biyu a garin ina ganin ana sauya kujera in na zauna a jirgi, ina jin masu gidan haya na kashe waya da sun ji ƙasata, duk na shanye. Amma ba a taɓa ce min ɓarawo a fuska ba. Na zazzage aljihuna a kan benci: katin jirgi, makullin gida, biro, carbi, sai gutsuren siminti.

Idonsa ya sauka kan simintin. Ya ɗauka ya juya shi a hannu.

"Ni na shafe shi," ya ce, muryarsa ta sauka. "Bayan babbar ambaliya. Laka har ƙirji, shafen duk ya zube, bulo a tsirara. Kwamitin coci suna ta taro. Ni da mutum biyar daga wurin aikina, ranakun hutunmu, wata huɗu. Kai kana ina lokacin?"

Da na yi shiru a nan da ya fi. Amma na ce, "To kai ka kashe shi, Ankul. Ambaliya ba ta iya ba, sojoji ba su iya ba. Kai ka iya."

Ya nuna min ƙofa da hannun da ke riƙe da simintin. Daga ranar bai sake buɗe min ba. Na ƙarasa zane da awon da na riga na tara.

A rahotona na rubuta cewa lalacewar ta samo asali ne daga aikin jahilci da wani mai riƙon makulli ya yi ba da izinin kowa ba. Farfesa ta ja jan biro a kai. Ta ce a zamanin da aka yi aikin kowa siminti yake sawa, har injiniyoyin gwamnati, kuma rahoton gini ba wurin ramuwa ba ne. Ta sa na mayar da shi "gyaran da aka yi a baya". Sannan ta aika wa kwamitin cocin kwafi, saboda tsagar ba abin wasa ba ce, suka kira mu mu yi bayani.

An yi zaman a ɗan ɗakin taro na bayan coci, fanka na juyawa, mutum tara a teburi. Dattijon yana tsaye a bakin ƙofa, don shi ya buɗe ɗakin. Na nuna hotuna, na yi bayanin ruwa da bulo da farar ƙasa. Wani lauya a cikinsu, mai gilashi a kan hanci, ya ce babu wannan gyaran a cikin takardunsu, wa ya yi shi? Farfesa ta buɗe baki za ta ce ba a sani ba. Na riga ta. Na juya na nuna shi da biro.

"Ga shi nan. Shi ya faɗa min da bakinsa. Kuma ya san da tsagar, shi ya sa ya hana kowa zagayawa."

Rabin maganar ta ƙarshe zatona ne, ba sani ba. Amma na faɗe ta kamar na gani da idona. Duk suka juya suna kallonsa. Bai kare kansa ba. Ya dube ni kawai, irin kallon da ake yi wa abin da aka taka a hanya. Da motarmu ta isa jami'a farfesa ta ce min, "Makinka yana nan. Amma ba zan sake tura ka wurin mutane ba."

Kafin wata ya ƙare kwamiti ya karɓe makullan, ya ba wani kamfanin tsaro. An yi masa walimar ban kwana, na ji an ce bai je ba. Da na ba Yaya labari ina jiran ya ce na yi daidai, sai ya ce, "Kai da ka je gyara musu coci, ka ƙare da korar tsoho. Ka ga ba ka yi wa kowa ba ke nan." Muka yi kwana uku ba mu gaisa ba.

Saura 'yan makonni in koma gida sai injiniyan da aka ba aikin gyara ya kira ni. Sun kafa ƙarafa, sun soma fasa simintin, amma ruwa na tsattsafowa daga ƙarƙashin daɓe. Ya ce tabbas akwai tsohuwar magudana da ta toshe a ƙasan ginin, ba ta cikin zanena, ba ta cikin kowace takarda. Mutum ɗaya ne ya san inda ta bi, kuma ya ƙi yi musu magana. Ko zan gwada?

Na samu dattijon a wani benci na gefen kogi, tsallaken titi, inda ake hango ma'aikata. An ce kullum nan yake zuwa da safe. Ya rame. Hannunsa na ta komawa ƙugu, inda babu komai yanzu. Na tsaya a gabansa na gaishe shi.

"Ankul, magudanar da ke ƙasan zaure. Ta ina ta fita?"

"Ba ta cikin littafinka?"

"Ba ta ciki."

"To rubuta ƙarya, ka bar shi a buɗe." Ya ɗago ya dube ni. "Kana tsammanin ban gane ba?"

Na ji kunya ta rufe ni, sai ta juye ta zama fushi. Na ce ba don ni ba ne, don ginin ne, in ruwan ya ci gaba ginshiƙin zai zauna. Ya ce ginin yana da masu ilimi yanzu. Na ce ya san ya ce min ɓarawo a gaban mata, ban kuma taɓa jin ya janye ba. Ya ce ni ma na san abin da na ce a gaban kwamiti. Na zo da niyyar ba shi haƙuri, na ma shirya kalmomin tun a jirgi. Ina tsaye ina jira ya ba ni ko ɗan wurin da zan sa su, shi kuma ya mayar da idonsa kan ma'aikata.

"Matsa," ya ce. "Ka tare min."

Na matsa. Na ƙara tsayawa kaɗan, sannan na tsallaka titi na gaya wa injiniyan bai faɗa ba. Sai da suka fasa daɓen a wuri uku kafin su same ta. Tsohon tayil ɗin da suka farfasa ba a yin irinsa yanzu, da wani suka cike, launinsa bai zo ɗaya ba. Injiniyan ya turo min hoton ina filin jirgi.